Murfi Ɗaya Kawai: Shin Akwai Tsaka-tsaki a Kan Amana?

Gabatarwa

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan batu shi ne wata ziyara da wani tsohon ɗalibina ya kawo mini a gidana da ke Kankiya, ranar wata Asabar da la'asar. Na koyar da yaron nan shekaru da dama da suka wuce, yanzu kuwa ya zama magidanci, yana sana'ar ɗinki a wani ƙauye cikin ƙasar Kusada. Bayan mun gaisa ya sha ruwa, sai ya zaro wata 'yar kwalba daga aljihu ya miƙo mini, ya ce, "Malam, don Allah duba mini wannan ƙaramin rubutun. Na karanta, amma na fi so in ji daga bakinka. Iyalina ce take sha, ga shi kuwa tana da juna biyu, wata huɗu."

Kwalbar irin waɗanda ake tallarsu a tasha ne da sunan maganin basir da ciwon baya, an zana saiwoyi da ganyaye a jikinta. Can ƙasa kuwa, da rubutun da sai an ƙura ido, an nuna cewa fiye da kashi 30 cikin ɗari na abin da ke ciki barasa ce. Ya ce da ya yi mata magana sai ta ce ai ita magani take sha, kuma murfi ɗaya ne kawai da dare don ta sami barci, ga shi maƙwabciyarta ta sha irinsa ta haihu lafiya lau. Daga nan ya yi mini tambayar da ta hana ni sakat. Ya ce, "To Malam, tsakani da Allah, murfi ɗaya zai yi wani abu?"

Na ce masa ni malamin makaranta ne, ba likita ba, saboda haka ta dakatar da sha, su tafi da kwalbar ranar awo su nuna wa ma'aikatan asibiti. Ya yi godiya ya tafi. To amma tambayarsa ba ta tafi ba, domin ta wuce maganar kwalba ɗaya. Tambaya ce a kan tsaka-tsaki, wato halin nan da dukkanmu muke yabo, da kuma iyakar inda ya tsaya.

Wannan Ba Maganar Wasu Ba Ce

Na san mai karatu zai iya cewa, me ya haɗa mu da wannan zance? Mu Musulmi ne, malamanmu sun daɗe da yanke hukunci cewa abin da ke bugarwa haramun ne, mai yawansa da ɗan kaɗan ɗinsa, kuma tun shekarar 2000 Jihar Katsina ta ƙaddamar da Shari'a. Wannan gaskiya ne. Sai dai laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani.

Da farko, ba mu kaɗai ke zaune a ƙasar nan ba. Muna da 'yan'uwa Maguzawa a wasu sassan Katsina da Kano waɗanda dafa burkutu tsohuwar al'adarsu ce, muna kuma da baƙi ma'aikata da 'yan kasuwa. 'Ya'yansu da namu aji ɗaya suke zama. Na biyu kuma, barasa ta daina zuwa da sunanta. Tana zuwa a 'yar leda ko 'yar kwalba da sunan maganin gargajiya, har ta kai ga hukumar NAFDAC ta sanar a watan Fabrairu na 2024 cewa ta fara hana sayar da barasa a leda da ƙananan kwalabe. Haka nan duk wani tsimi da aka haɗa da zaƙi aka rufe shi kwanaki har ya yi kumfa, yana iya haifar da barasa ko da mai haɗin ba ta nufa ba. Na uku, akwai ƙannen barasa da suka shigo mana har cikin ɗaki. Ba mu manta yadda maganin tari mai kodin ya yi ɓarna a Arewa ba, har da matan aure, sai da Gwamnatin Tarayya ta hana yin sa da shigo da shi a watan Mayu na 2018. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a wannan shekarar ya nuna cewa cikin kowane mutum huɗu masu shaye-shayen ƙwayoyi a Nijeriya, ɗaya mace ce. Ke nan gobarar ba a gemun maƙwabci kaɗai take ba.

Abin da Likitoci Suka Gano

Ɗan tayi ba shi da baki nasa na kansa. Abin da uwa ta ci ko ta sha yana shiga jininta, daga nan ya ratsa mabiyiya ya bi igiyar cibiya zuwa gare shi. Mabiyiya tana tace wasu abubuwa, amma barasa ratsa ta take yi kai tsaye, cikin ɗan lokaci kuma yawanta a jinin ɗan tayi ya kusa daidai da na uwarsa. Bambancin shi ne, uwa tana da ƙosasshiyar hanta mai narkar da ita, shi kuwa hantarsa ba ta ƙosa ba. Bugu da ƙari, barasar takan zauna a cikin ruwan da yake kwance a ciki, ya haɗiya ya fitar, ya sake haɗiya.

An daɗe ba a gane wannan ba. A shekarar 1968 wani likitan yara a garin Nant na ƙasar Faransa, Dokta Paul Lemoine, ya bayyana halin yara 127 waɗanda iyayensu mashaya ne, ya nuna irin kamannin da suka yi tarayya a kai. Ba a kula da shi sosai ba. Sai a 1973 wasu likitoci biyu a Amurka, Kenneth Jones da David Smith, suka sake gano abin, suka ba shi suna, duniya ta farga. Alamomin sun haɗa da ƙaramin kai, da ƙananan idanu, da siririn leɓen sama, da shafewar ɗan kwarin nan da ke tsakanin hanci da leɓe, da rashin girma yadda ya kamata. Mafi muni shi ne taɓuwar ƙwaƙwalwa, wadda ba ta da magani har ƙarshen rayuwa. Yara da yawa ma fuskarsu lafiya lau take, illar tana ɓoye a cikin kai.

Wani ƙiyasi da aka buga a 2017 ya nuna cewa kusan mace ɗaya cikin goma a duniya tana shan barasa da ciki, kuma ana haihuwar yara wajen 119,000 kowace shekara da cikakkiyar wannan larura. Inda abin ya fi ƙamari shi ne wasu yankunan gonakin inabi na Afirka ta Kudu, inda aka shafe zamunna Turawa masu gonaki suna biyan leburori wani ɓangare na ladansu da giya. An hana wannan tsari, amma jikokin waɗancan leburori suna biyan bashin da ba su ci ba.

Hujjar Masu Cewa Kaɗan Ba Kome

Duk abin da na kawo a sama, babu mai gardama a kansa idan shan ya yi yawa. Gardamar tana kan kaɗan ne, kuma adalci shi ne mu saurari masu wannan ra'ayi, domin ba jahilai ba ne.

Suna cewa, har yau ba a kawo tabbatacciyar shaida cewa ɗan kurɓi jefi-jefi yana nakasa yaro ba. A 2012 an buga wani bincike a ƙasar Denmak a kan yara 'yan shekara biyar, ba a ga bambanci a basirarsu ba tsakanin waɗanda iyayensu suka sha kaɗan da waɗanda ba su sha ba. A 2013 wata masaniyar tattalin arziki a Amurka, Emily Oster, ta wallafa littafi inda ta ce an cika tsorata mata ba bisa hujja ba. A Ingila ma, kafin 2016, shawarar hukuma ita ce gara a bari, amma wadda ta zaɓi sha kada ta wuce ɗan ƙaramin ma'auni sau ɗaya ko biyu a mako. Suna ƙarawa da cewa mace baliga ce mai hankali, jikinta nata ne, bai kamata a mayar da ita kamar tukunyar da aka ajiye abu a ciki ba.

Amsar likitoci ita ce, rashin ganin illa daban, tabbatar da babu illa daban. Ba za a taɓa yin gwajin da zai raba gardamar ba, domin babu likita mai imani da zai tara masu ciki ya ce rabi su sha rabi su bari, don a ga 'ya'yan wa za su lalace. Abin da ake da shi kawai shi ne tambayar mata abin da suka sha, mutum kuwa yakan manta, yakan kuma rage saboda kunya. Da masana a Jami'ar Biristol suka tattara binciken da aka yi a kan ƙaramin sha a 2017, sun tarar shaidar ba ta da yawa, amma duk da haka sun ga alamar ƙarin haɗarin haihuwar jariri maras nauyi. Saboda irin wannan ne Amurka tun 1981 ta shawarci masu ciki su ƙaurace wa barasa, Ingila ta koma kan haka a 2016, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta tsaya a kan cewa ba a san wani ma'auni da za a ce ba shi da haɗari ba.

Tarihi ma ya koyar da darasi. Daga 1957 zuwa 1961 an sayar da wani magani mai suna talidomaid a Jamus da wasu ƙasashe da dama, ana ba masu ciki don barci da laulayi, ana cewa ba shi da wata illa. Kafin a farga an haifi jarirai fiye da 10,000 da nakasa, da yawansu da guntayen hannuwa da ƙafafu. Su ma waɗancan iyaye barci kawai suke nema, kamar matar ɗalibina.

Ma'aunin Wa?

A nan ne nake ganin maganar ta bar hannun likita ta dawo hannun kowane mai tunani. Tsaka-tsaki hali ne na ƙwarai, addini ya yabe shi, al'ada ta yabe shi. Muna yabon mai tsaka-tsaki a ci, da kashe kuɗi, da magana, da fushi. To amma mu lura da wani abu guda. A duk waɗannan wurare, mai yin awon shi ne mai ɗaukar sakamakon. Idan na ci goro fiye da kima, barcina ne zai ƙaurace. Idan na rage, ni zan ji daɗi. Jikina yana ba ni labari, ni kuma ina gyara ma'aunina da labarin da ya ba ni.

Mai ciki kuwa tana awo ne da jikinta, amma wani jikin ne zai biya. Murfin da bai ko sa ta jin jiri ba, an auna shi ne da jikin babbar mace, alhali wanda zai karɓe shi bai kai tafin hannu ba. Ba shi da bakin da zai ce ya isa. Ba a shawarce shi ba, ba zai kuma iya tashi ya bar wurin ba. Kalmar "kaɗan" a bakin uwa tana nufin kaɗan gare ta. Ko kaɗan ne gare shi, wannan babu wanda ya sani, har da likita.

Mu ɗauki misali daga rayuwarmu ta yau da kullum. Mutum ya tafi ci-rani ya bar maka ajiyar buhun gero. Idan geronka ne, kana iya ɗiba da yawa ko kaɗan, a kira ka almubazzari ko mai tattali. Amma geron ajiya fa? Wanda ya ɗebi tiya ɗaya ba a kiransa mai tsaka-tsaki, sunansa maci amana, daidai da wanda ya ɗebi rabin buhu, sai dai a ce ɓarnar wani ta fi ta wani. Haka uwar adashi, haka mai riƙon dukiyar maraya. Haka kuma direban da ya ɗauko fasinja daga Gidan Mutum Ɗaya zuwa Katsina, ba shi da ikon cewa zai ɗan yi ganganci kaɗan tunda ya saba, domin rayukan da ke bayansa ba nasa ba ne. Ashe ke nan tsaka-tsaki yana aiki ne a kan abin da ka mallaka. A kan amana, abin da ake nema shi ne kiyayewa.

Game da masu cewa jikin mace nata ne, ban musa ba, kuma ban yarda a wulaƙanta mace da sunan kare abin da ke cikinta ba. Sai dai mu auna abin da ke kowane gefe na sikeli. A gefe ɗaya akwai ɗan jin daɗi ko barcin dare guda, wanda ana iya samun sa ta wata hanyar. A ɗaya gefen akwai ƙwaƙwalwar mutum wadda zai rayu da ita shekara sittin ko saba'in. Ko da haɗarin ƙarami ne, abin da za a rasa babba ne kuma ba ya dawowa, abin da za a samu kuwa ƙarami ne kuma yana da madadi. Mai hankali ba ya caca irin wannan ko da dukiyarsa, balle da ta wani. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

"Ai Wance Ta Sha Ta Haihu Lafiya"

Wannan ita ce hujjar da ta fi ƙarfi a zaure da tsakar gida, kuma a matsayina na malami ita ce ta fi ba ni tsoro. Me muke nufi da haihuwa lafiya? Muna nufin jariri ya yi kuka, yatsunsa sun cika, ya kama nono, an yanka rago. Amma aikin ƙwaƙwalwa ba ranar suna ake ganin sa ba. Sai bayan shekara bakwai ko goma, a cikin aji, lokacin da kowa ya manta da abin da aka sha.

Na shekara fiye da ashirin ina riƙe da alli. Babu shekarar da ba na samun yaron da za a koya masa abu yau ya gane, gobe ya zo kamar bai taɓa ji ba, ko wanda ba ya iya zama wuri ɗaya, ko wanda ake zuga shi ya aikata abin da bai san ƙarshensa ba. Mukan kira shi daƙiƙi ko gagararre, mu sa masa bulala, ni ma na yi, Allah Ya yafe mini. Ba ina cewa barasa ce ta jawo wa waɗannan yara ba. Dalilai suna da yawa, akwai yunwa, da zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, da doguwar naƙuda, da sauransu. Abin da nake nufi shi ne, illar da aka yi wa yaro a ciki ba ta zuwa da takardar shaida. Saboda haka lafiyar ɗan maƙwabciya ranar suna ba hujja ba ce. Ko da ma ya tashi da basirarsa, jiki ya bambanta, abinci ya bambanta, lokacin da aka sha ya bambanta. Wani ya tsallaka rijiya da baya ya tsira, wannan bai mayar da tsallaken rijiya dabara ba.

Nauyin a Kan Wa Yake?

Kuskure ne babba mu tattara wannan nauyi mu ɗora wa mace ita kaɗai. Matar ɗalibina ba giya ta nema ba, sauƙi ta nema. Wa ya sayar mata da kwalbar yana rantsuwa cewa zallar itatuwa ce? Wa ya rubuta gaskiyar da ƙananan baƙaƙe cikin harshen da ba ta iya karantawa? Ina mijin yake lokacin da ciwon baya ya hana ta barci, ga daka ga ɗiban ruwa? Mu malamai kuma, da muka koyar da 'yan mata shekara shida, mun taɓa nuna musu yadda ake karanta jikin kwalbar magani? Amanar ɗan tayi tana wuyan uwa, amma amanar uwa tana wuyan miji da dangi da hukuma. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Haka kuma tsangwama ba ta gyara. Macen da ta san za a kira ta 'yar maye idan ta faɗi gaskiya, ɓoyewa za ta yi, ranar awo ta ce ba ta shan kome. Wadda ta sha kafin ta san tana da ciki, ko ta sha bisa rashin sani, kada a cika ta da fargaba, domin ƙwaƙwalwar ɗan tayi tana ginuwa har ƙarshen ciki, kuma duk ranar da aka daina an rage haɗari. Wadda kuwa jikinta ya riga ya saba da kodin ko tiramol ko barasa mai yawa, kada a ƙwace a ce ta daina dare ɗaya, domin yankewa farat ɗaya na iya cutar da ita da cikin. Asibiti za a kai ta, cikin sirri da mutunci.

Kammalawa

Bayan 'yan watanni ɗalibin nan nawa ya aiko mini da goron suna, an sami 'ya mace. Ya ce tun ranar da ya zo wurina ba a sake buɗe kwalbar ba, a asibiti kuma an ba ta abin da ya dace da mai ciki, shi kuma ya ɗauke mata ɗiban ruwa. Na yi murna, na yi addu'a. Ko murfin da aka sha a watannin farko ya bar wani tabo, wannan sai Allah, kuma ina kyautata zaton alheri. In da rai da lafiya, wata rana yarinyar nan za ta zauna a gaban wani malami, a nan ne za a ga abin da aka ajiye mata.

Da zai sake yi mini tambayarsa yau, amsata ita ce, babu wanda zai iya rantse maka cewa murfi ɗaya zai yi illa, babu kuma wanda zai iya rantse maka cewa ba zai yi ba, wanda za a gwada a kansa kuwa ba a nemi izininsa ba. Wannan kaɗai ya isa dalilin bari. Mu yi tsaka-tsaki a abin da yake namu, mu kiyaye abin da aka ba mu ajiya.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya mana zuriya, Ya ba mu ikon riƙon amana, amin.